Mutanen Dei-Dei, Mu Dasa Itace Mu Raine Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsirrai iri-iri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Dei-Dei da Saburi da Gwagwa da kewaye, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah game da wata amana da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato itatuwa da ƙananan halittun da ke rayuwa a cikinsu.

Arzikin garin nan a kan itace da dabba ya tsaya. Kullum tireloli na sauke katako daga dazuzzukan kudu, kara cike take da shanu da raguna, gawayin da ake girki da shi ma itace ne aka ƙone. Duk halal ne. Amma wanda ya ci abinci da saran itace shekara da shekaru bai taɓa dasa ko ɗaya ba, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa. A Maitama akwai Millennium Park da aka buɗe a 2003, ana shiga a sha inuwa. Mu kuwa a nan, idan watan Maris ya kama, ɗan dako da mai tura baro da yaro mai talla sai su fake a gindin tirela. Ba sai mun jira wani ya zo ya yi mana lambu ba. Muna da harabar masallatai da makarantun Islamiyya, da filin Idi, da maƙabarta, da 'yan filayen da muka mayar bola.

Anas ɗan Malik ya ruwaito, kuma Bukhari da Muslim sun fitar, cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. Ku lura, har tsuntsu aka ambata. Kana kwance a kabari, kurciya na cin 'ya'yan itacenka, ana rubuta maka lada. A wata ruwayar ta Imamu Ahmad, an umarci wanda ke riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da alƙiyama na shirin tsayawa, muddin ya samu hali. Halifa Abubakar kuwa, da zai tura runduna Sham, ya hana su sare itace mai 'ya'ya. Idan a fagen yaƙi aka hana, ina hujjar mai sare mangwaron layi don ya kafa kwantena?

Haka hakkin dabbobi yake. An shigar da wata mata wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, an gafarta wa wani mutum saboda kare da ya shayar. Da wasu sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta a hanyar tafiya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya sa aka mayar mata. To, mu 'ya'yanmu na yawo da danƙo suna harbin tsuntsaye don wasa, suna jifan ƙadangare da hawainiya, muna kallo. Dattawa sun san lokacin da ba a rasa ungulu a mahauta, tana kwashe mushe da ƙazanta. Yau ta yi ƙaranci a garuruwanmu, saboda farauta da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai.

Kada wani ya ce talaka ba zai iya ba. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga wajen 1983, manoma suka fara barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gona, suna yi musu aski maimakon tumɓuke su. Masana sun ƙiyasta cewa aikin ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Hausawa ne irinmu, da adda da haƙuri suka yi.

Dasawa ba ta da wuya, raino ne aiki. Da yawa sun dasa an ɗauki hoto, kafin rani ya tsaga akuya ta cinye. Don haka a dasa idan damina ta kankama, a Yuni ko Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. A haƙa rami mai zurfi, a gauraya ƙasa da busasshen taki daga kara. 'Yan katako su ba da guntaye a yi shinge. A karkata ruwan alwala zuwa gindin dashen, tunda ruwa a nan daga 'yan garuwa ake saye. A zaɓi darbejiya don inuwa, mangwaro da gwaiba da zogale don ci, a nisanta su daga katanga da wayar lantarki. A ajiye kasko da ruwa don tsuntsaye lokacin bazara. Filin da ba naka ba, nemi izinin mai shi ko mai unguwa ko hukuma tukuna.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga limamai su yi huɗuba a kai, 'yan agaji da matasa su raba aikin ban ruwa, shugabannin kasuwa su ware gurbi, iyaye mata su koya wa yara tausayin abin da ba ya magana. Kowane gida ya ɗauki itace guda ya raine shi har ya fi ƙarfin akuya, da niyyar sadaka ga kansa ko ga iyayensa da suka rasu.

Allah Ya sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sanya mu a inuwar Al'arshinSa ranar da babu wata inuwa sai ita. Amin.