Wa Ya Ba Shi Izinin Shiga Ɗakinka?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rufa asirin bayinsa, wanda yake ganin laifinmu da dare, gari ya waye ya ciyar da mu bai tona mu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, iyayena da 'yan'uwana na Kurya Madaro, da na Kaura Namoda, da Shinkafi da Zurmi, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah. Ina kuma roƙon ku ba ni hankalinku kan wani baƙo da ya shigo mana gida ba sallama, ya zauna, mu kuwa ba mu tambaye shi daga ina yake ba.

A da, in mutum yana son wata manhaja, shi ke nemo ta ya sa a na'urarsa, in ta ishe shi ya goge. Yanzu kamfanonin da ke ƙera babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta da waya sun dasa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira a cikin jikinta tun daga tushe. Microsoft ta sa Copilot a Windows 11 a 2023, a 2024 har ta ƙara masa maɓalli nasa na kansa a jikin sababbin kwamfutoci. Google ma ta shiga maye gurbin tsohon mataimakinta da Gemini a wayoyin Android. Mai Tecno zai iske Ella, mai Infinix zai iske Folax, mai iPhone yana da Siri. Kuma tun Afrilun 2024 'yan Najeriya suka wayi gari da wata 'yar da'ira a WhatsApp, wato Meta AI, ba wanda ya aika mata goron gayyata. Manhajar da ka sa da hannunka abin da ka miƙa mata take gani. Wanda aka dasa a tushen na'ura kuwa yana zaune ne a inda komai ke wucewa: saƙo, hoto, murya, takarda, lambobin mutane.

Ya 'yan'uwa, addininmu bai ɗauki shiga wurin mutum da wasa ba. A Suratun Nur, aya ta 27, Allah ya hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama. A aya ta 58 abin ya ƙara zurfi: har yaran gida da ba su balaga ba, da masu hidima, an umarce su su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufa don hutawa, da bayan sallar isha'i. Ɗanka na cikinka ke nan, wanda ka haifa. To ku gaya mini, a waɗannan lokuta uku ina wayarka take? Tana ƙarƙashin matashi, ko a gefen katifa, makirfonta da kyamararta na tare da ita. Abin da shari'a ta hana ɗanka, kai ka ba na'ura shi da danna "na yarda" kan rubutun Turancin da ba ka karanta ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa. Annabi ya tsawata masa ƙwarai, ya kuma bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Ashe ba sai ƙafa ta taka ɗaki ba. Ido in ya shiga, an shiga.

Ga abin da ya faru a fili, don kada a ce tsoratarwa ce kawai. A watan Mayun 2024 Microsoft ta sanar da wani abu mai suna Recall. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗaukar hoton fuskar kwamfuta bayan kowane 'yan daƙiƙu, ya karanta rubutun da ke ciki, ya ajiye, don in ka manta wani abu ka tambaye shi ya nemo maka. Kamfanin ya ce a kwamfuta mai giga 256 za a ware masa giga 25, abin da zai riƙe hotunan kusan wata uku. Wata uku na duk abin da idonka ya kalla. Ba a jima ba wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Ingila, Kevin Beaumont, ya nuna wa duniya cewa rubutun da Recall ke tarawa a buɗe yake ajiye, duk ɓarawon da ya kutsa na'urar zai kwashe shi cikin ƙiftawar ido. Surutu ya yi yawa, a watan Yuni kamfanin ya janye shi. Sai a Afrilun 2025 ya fito ga jama'a, an sa masa makulli, ba ya aiki sai mai kwamfutar ya kunna da kansa, kuma kamfanin ya ce hotunan a cikin kwamfutar suke zama, ba a aika masa. Adalci ne a faɗi wannan gyara, domin an umarce mu da adalci ko ga wanda ba mu so. Amma ku lura, ba don Allah aka gyara ba, don mutane sun ɗaga murya ne.

Kuma ko bayan gyaran akwai abin da ya rage, shi ne ya fi damuna. A ce ni ban kunna ba. Na rubuta maka sirrina, kai kuwa ka kunna a taka. An ɗauki hoton maganata, an ajiye, ban sani ba, ban yarda ba. Wannan ne ya sa masu manhajar Signal a Mayun 2025 suka toshe Recall daga ganin hirar mutanensu. Ku duba wayarku da kyau: nawa ne a cikinta sirrinku, nawa ne na wasu? Hoton matarka ba lulluɓi. Muryar ƙanwarka tana kuka tana ba ka labarin abin da ke tsakaninta da mijinta. Takardar asibitin mahaifinka. Saƙon abokinka da ya ce ka ranta masa kuɗi kada kowa ya ji. Ba naka ba ne da za ka yi kyauta da su. Ajiya ce aka ba ka, kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 58, an umarce mu mu mayar da amana ga masu ita. Abu Dawuda ya ruwaito cewa idan mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiga don ganin ko wani na ji, wannan magana ta zama amana a wuyanka. Waigen kaɗai ya isa. Huzaifa ɗan Yamani ya riƙe sunayen munafukai da Annabi ya gaya masa, har Sayyidina Umar bai samu jerin a bakinsa ba. Da irin wannan riƙo aka san magabatanmu.

Kada wani ya ce ai na'ura ce, ba mutum ba, me za ta gane? A bayan na'urar akwai mutane. A 2019 jaridar The Guardian ta Ingila ta fallasa cewa ma'aikatan da Apple ta ɗauka haya suna sauraren muryoyin da Siri ta naɗa, wasu ma bisa kuskure ta farka ta naɗa, har da zancen likita da majinyaci, har da abin da ke gudana tsakanin namiji da mace a ɗaki. Kamfanin ya ba da haƙuri, kuma a Janairun 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don a kashe ƙarar da aka kai shi a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Mutanen can aka biya. Ita Google da bakinta ta rubuta cewa akwai ma'aikata da ke karanta wani ɓangare na hirar da ake yi da Gemini, cewa abin da suka duba ana iya ajiye shi har shekara uku, ta kuma gargaɗi mutane kada su shigar da abin da ba su so wani ya gani. Sun faɗa. Mu ne ba mu karanta ba. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mijin da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsa. To yaya wanda ya zauna ya zayyana wa na'ura matsalar aurensa dalla-dalla, da sunan matar, yana neman shawara?

Mu mutanen wannan yanki ba sai an koya mana tsadar magana ba. Mun san abin da ke biyo baya idan aka ji wane ya sayar da shanu, wane an turo masa kuɗi, wane gobe zai bi hanyar Shinkafi. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, duk don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, har mutanen Gusau suna zuwa Funtua don kiran waya kawai. Ban ce Copilot ko Gemini na kai wa ɓarayin daji labari ba, kuma kada wani ya ɗora mini wannan. Abin da nake cewa shi ne, duk bayanin da aka tara wuri ɗaya, aka jera shi yadda tambaya ɗaya za ta fito da shi, ya zama mai sauƙin ɗauka ga duk wanda na'urar ta faɗa hannunsa, ko an ƙwace ta a hanya, ko an sace, ko an bar ta a buɗe wurin gyara. A inda rai ke rataye da sirri, sakaci da sirri ba ƙaramin zunubi ba ne.

Sai batun nauyi, wanda shi ma haƙƙi ne. Waɗannan abubuwa an ƙera su ne don manyan na'urori. Kwamfutar da Microsoft ta ce ta cancanci sababbin ayyukan nan sai mai ram giga 16, ma'aji giga 256, da wata ƙwaƙwalwa ta musamman. Irin ayyukan nan na Apple suna cin kusan giga 7 na ma'ajin waya. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, masu giga 4 ko 8. Duk abin da ke aiki a ɓoye yana cin rabonsa na ram da batir, wanda kuma na'urar ba ta iya yi da kanta sai ya tafi ta intanet ya ci data. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ga kuɗin mai caji. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Matashi sai ya ga kamar dole ya sayar da akuyar gida ya sayi sabuwa. Ɗana, dakata. In aikinka buga takardu ne da karatu, nemi masani ya rage mata kaya, ko ya sa maka Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a tsohuwar na'ura. Suratul Isra'i ta haɗa masu almubazzaranci da shaiɗanu a 'yan'uwantaka, ba ta ware kayan zamani ba.

Ban ce amfani da mataimakin nan haramun ne ba. Ba ni da hurumin haramta abin da Allah bai haramta ba, kuma amfaninsa a bayyane yake: makaho na sa a karanta masa saƙo, ɗalibi na fahimtar darasi, wanda bai iya rubutu ba yana magana a rubuta masa. Ilimi kayan mumini ne. Abin da nake kira gare shi shi ne a san abin da aka shigo da shi, a iyakance masa wurin zama. Fatawa kuwa, a bar ta ga malaman da za su tsaya gaban Allah su amsa abin da suka faɗa. Na'urar nan takan ƙirƙiro hadisi da ruwayarsa ba ta ji ko ɗar ba.

To a yau ɗin nan, kafin ka kwanta, buɗe saitin wayarka, shiga wurin izini, ka ga wa ka ba makirfo, wa ka ba kyamara, wa ka ba lambobin mutane da sanin inda kake. Wanda ba ka ga dalilinsa ba, karɓe. In ba ka amfani da mataimakin, kashe shi; Copilot ana iya cire shi daga Windows 11, Recall yana da makunni a sashen sirri da tsaro, Gemini yana da wurin da ake hana shi ajiye hira. In kana amfani da shi, kada ka ba shi lambar NIN ko BVN, ko lambar sirrin katinka, ko sunan wani da aibinsa. Sa wa na'urarka makulli. Ka kuma sani doka na bayanka: tun Yunin 2023 Najeriya ke da Dokar Kare Bayanai da hukumarta, kuma a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ta yi da bayanan 'yan ƙasa.

Nauyin ya fi yawa a kan wanda aikinsa riƙe asirin jama'a ne: mai shagon buga takardu da ke cike wa yara JAMB, ma'aikacin asibiti, magatakardan kotu, mai POS, mai gyaran waya, da malamin da ma'aurata ke turo wa ƙorafinsu. Ku ji tsoron Allah, kada ku loda takardar wani ga mataimakin na'ura don ya gyara muku rubutu ba da sanin mai ita ba. In ya zama dole, ku cire suna da lamba. Ku kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, zakkar iliminku ke nan. In kun zo gida hutu, ku zauna da iyayenku mata da tsofaffin unguwa, ku karanta musu abin da Turancin ya ce da Hausa, ku bar su su zaɓa da kansu abin da za a kashe da abin da za a bari. Kuma sa'ad da wayar take hannunku, saitin kaɗai aka ba ku izinin buɗewa, ban da hotuna, ban da saƙonni.