GARIN DA ZINARE YA GINA

Yau wata tambaya na zo mana da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: wanda ya zo wurinki saboda abin hannunki, ranar da abin ya ƙare ya kama gabansa, shin ya ci amanarki ne, ko kuwa ke ce tun farko ba ki gane abin da ya kawo shi ba?

Abin da ya taso da zancen, wani ƙanena ne ya nuna mini hotunan wani gari a wayarsa, sunansa Bodie, can cikin duwatsun jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Nebada. A 1859 wani mutum mai suna Bodey ya tsinci zinare a wurin. Ikon Allah, a wannan shekarar guguwar ƙanƙara ta rutsa da shi ya mutu, ko garin da aka sa wa sunansa bai gani ba. A 1876 aka dace da zinare mai yawa, kafin a ce kwabo mutane sun yi ca, har a wajajen 1879 ana ƙiyasta mutum dubu bakwai zuwa dubu goma a garin, gidajen giya kaɗai sun kai 65.

Wurin fa ba wurin zama ba ne. Tudu ne da ya haura mita 2,500, ga sanyi mai kisa, ga shi ba itatuwa. Itacen girki da katakon gini ma sai an ɗauko daga nesa, har layin dogo aka shimfiɗa a 1881 don jigilarsa. Da zinaren ya fara ja da baya aka soma zarewa ɗaya bayan ɗaya, a 1910 waɗanda suka rage ba su cika 700 ba. Gobara ta cinye mafi yawan garin a 1932, sannan a 1942 gwamnati ta rufe haƙar zinare saboda yaƙin duniya. Tun 1962 hukuma ke gadin kufan, ba a sabunta shi, ba a kuma bari ya rushe. Kayan sayarwa na nan jere a kanti, kujerun yara na nan a aji, ƙura ta lulluɓe komai. Wadda ta taɓa bi ta Bukuru ko Barikin Ladi ta ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, ta san irin shirun da nake nufi.

Wallahi da na gama kallo sai da hawaye suka zubo mini, don gidana na gani. Shekarun da maigidana ke juya kuɗi a kasuwar atamfa, tukunyata ba ta sauka daga murhu. Ƙawaye, 'yan'uwan nesa, masu cewa Hajiya ba mu da kamarki, kullum falo a cike. Da kasuwa ta juya masa baya, bashi ya hau kansa har muka sayar da mota, cikin wata uku sai na riƙa jin motsin agogon bango da rana tsaka. Na yi kuka, na yi Allah-ya-isa, na ce mutane butulu ne.

To amma da na natsu sai na tambayi kaina, mutanen Bodie butulu ne? Ai ba su taɓa cewa dutsen suke so ba. Zinare ya kira su, da ya yi shiru suka tafi neman abin da za su ci. Haka masu cika mini falo, da yawansu mabukata ne, shinkafa ta kawo su, ni ce na ɗauki cikar falo a matsayin ƙauna saboda zancen yana yi mini daɗi. Wannan kuskuren nawa ne.

Sai dai akwai inda misalin ya tsaya. Dutse ba ya jin zafi in an gudu an bar shi, mutum kuwa yana ji. Wadda ta ci abincinki shekara biyar, ta kira ki Yaya, ko ba ta da abin ba ki, tana da ƙafar zuwa ta ce sannu. Wannan hakki ne, talauci ba ya sauke shi.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, ni kaina na kusa zama irinsu. Wata gwaggona ta ce, "Ke 'yar nan, da sauran ƙuruciyarki, ki dawo gida mana." Kwana biyu akwatina na ɗaure a ƙarƙashin gado. A dare na uku na ji shi yana ta juyi ya kasa barci, yana tambayata a hankali ko yara sun ƙoshi. Nan na tambayi zuciyata, ni me ya kawo ni gidan nan? Da gari ya waye na kwance akwatin. Ban ce kowace mace ta zauna a inda ake cutar da ita ba, wannan zance ne daban. Nawa mijin bai cuce ni ba, kuɗi ne kawai suka ƙare.

Mutum biyu ne ba su ɗauke ƙafa ba: maƙwabciyata mai sayar da ƙuli-ƙuli, da wata tsohuwar ƙawata ta makarantar allo, waɗanda a lokacin daula, Allah Ya yafe mini, a tsakar gida nake sallamarsu.

Don haka ƙanwata mai shirin aure, in masu neman ki sun yi layi, ki tambayi kanki me kika gani a jikin wanda kika zaɓa, in aka cire motar da shaddar me zai rage. Ke kuma uwargida da Allah Ya buɗa wa, ki ci gaba da ciyarwa, alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma tun tukunya na kan wuta ki lura da mai zuwa ko ba a dafa komai ba. Ita za ki shimfiɗa wa tabarma a ɗaki.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.