Azumi ba ya biyan bashin maƙwabci

A ranar 10 ga watan Tishri, wadda ke faɗowa cikin Satumba ko Oktoba, Yahudawa ke raya Yom Kippur, ranar kaffara, mafi alfarma a shekararsu. Daga faɗuwar rana zuwa fitowar taurari washegari, kimanin awa 25, ba ci, ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Ana wuni a majami'a cikin addu'a da furta zunubai, har a busa ƙahon rago alamar kammalawa.

Mai hange daga nesa zai zaci duk wanda ya jure wannan ya wanku sarai. Malamansu ba su yarda da haka ba. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya kasa laifi gida biyu. Na tsakanin bawa da Ubangijinsa, ranar tana kankare shi. Na tsakanin mutum da ɗan'uwansa kuwa yana nan daram har sai an nemi yardar wanda aka cuta.

Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya fayyace hanyar. Mayar da dukiya bai wadatar ba, sai an lallashi zuciya. In mai haƙƙi ya ƙi, a koma masa da mutum uku, har sau uku. In ya riga ya rasu, a tara mutum goma a bakin kabarinsa a amsa laifi, dukiyar a miƙa wa magada.

Me ya kawo wannan tsanani? Yunwa da ƙishirwa sun fi sauƙi bisa ga tsayawa a ƙofar wanda aka zalunta. Mai azumi yana iya fita da girmansa. Mai neman gafara dole ya ajiye shi a zaure. Ba don wannan sharaɗi ba, da ibada ta zama maɓoyar azzalumi. Musulmi ma ya san wannan iyaka tsakanin haƙƙin Allah da haƙƙin bayinsa.

Amma wanda aka cuta shi ma bai kuɓuta ba. A hukuncin bin Maimun, wanda aka roƙa sau uku da gaskiya ya ƙeƙasa ƙasa, laifin ya koma wuyansa. Gafara tasa ce, babu mai bayar da ita a madadinsa, sai dai ba a ba shi ita don ta zama bulala ba.

Shi ya sa ake tantance Yom Kippur tun kafin rana ta faɗi a jajibirinta, a ƙofofin da aka ƙwanƙwasa da waɗanda aka buɗe.