Wa Zai Gyara Dutsen Washi?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya sauko Bunkure da Kura, manoman wannan yanki ba su san hutun rani ba. Ana yankan shinkafa, ana shirin alkama da tumatir. Saboda haka lauje da wuƙa ba su rabuwa da dutse.

Na zauna wurin wani tsohon mahauci a Dawakin Kudu ina kallon washinsa. Ya kan fara da dutse mai kaushi, kāna ya koma mai laushi. Ya kan ɗiga ruwa domin ya kwashe garin ƙarfe. Ya kwantar da wuƙar kaɗan, ya goga wannan gefe har babban yatsansa ya ji bakin ya ɗan lanƙwasa, sa'an nan ya juya. Ba ya kai ta wurin inji, gama inji ya kan cinye ƙarfe, zafinsa kuma ya kashe taurin baki. Na ga tsakiyar dutsen ta yi kwarmi. Ya ce mini, "Malam, dutsen ma ana cinsa. In ya lotsa, wuƙa ya ke ɓatawa." Sai ya zuba yashi da ruwa a daɓen siminti, ya yi ta gurza dutsen har ya daidaita.

Mu duka mun san Misalai 27:17, mu kan kawo ta sa'anda mu ke so mu tsauta wa wani. Amma kullum mu ne dutse, ɗan'uwanmu shi ne wuƙa. To, wa ke gurza mu?

Akwai wani saurayi da na sa ƙarƙashin horon ekklisiya. Laifinsa gaskiya ne, ban ƙara masa kome ba. Amma na tsauta masa a gaban jama'a, da zafi, irin na inji, ba ko ɗigon ruwa. Dattawa uku suna zaune, ba wanda ya ce mini uffan, gama shekara 12 ke nan ba wanda ya taɓa gyara mini magana. Na ɗauka wannan shaidar kirki ce. Ashe kwarmi ne.

Wani zai ce, idan yara suka fara gyara fasto, ina girma? Tambayar tana da nauyi, ba na raina ta. Amma ku duba Galatiyawa 2: Bulus, wanda ya zo daga baya, ya tsauta wa Bitrus a Antakiya, Bitrus kuwa bai fasa zama manzo ba.

Saurayin nan yana aikin kwadago a gonakin Kadawa yanzu. Bai sāke shiga sujada ba. Ran Asabar zan tafi wurinsa, na kuwa roƙi ɗaya daga cikin dattawan nan uku ya raka ni, ya faɗa mini a hanya abin da ya haɗiye ran nan.