Bayan Ragon Suna, Me Jariri Yake Bin Ubansa?

Ranar suna a Kano ko Katsina ko Maradi, kowa ya san inda zai sami uban jariri. Yana ƙofar gida bisa tabarma, cikin sabuwar shadda, yana karɓar barka yana raba goro da alawa. Ya sayi rago, ya ɗinka wa maijego kayan fitar suna, ya sauke itacen wanka, ya sallami ungozoma da wanzami. Mutanen unguwa za su ce wane ya fita kunya. Amma a tambaye shi sau nawa ya ɗauki yaron cikin kwana bakwan nan, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, musamman idan ɗan fari ne. Ba ƙiyayya ba ce, kuma ba rowa ba ce. Haka ya ga mahaifinsa ya yi, haka mahaifin ya ga kakansa ya yi.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: shin haƙƙin jariri a kan ubansa ya ƙare a aljihu, ko kuwa addini yana neman hannun uban da ƙirjinsa da wani yanki na barcinsa?

Wanda ya zauna a zauren malam ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, zai iya cewa ai an riga an raba aiki. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba. Shayarwa tana wuyan uwa matuƙar da aure, sai fa idan irinta ba sa shayarwa bisa al'adar mutanensu, kuma wadda aka saka tana iya neman ladan shayarwa. Idan aure ya mutu, riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, bayan uwa kuma haƙƙin riƙon na kaka ta wajen uwa ne, sannan ga 'yar'uwar uwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da alƙali zai duba idan rigima ta kai gabansa. Sai dai fiƙihu a irin wannan wuri yana shata iyakar da ba a sauka ƙasa da ita ne, domin ranar da aka saɓa. Bai ce mutumin da ke zaune lafiya da iyalinsa ya tsaya a kan iyakar ya naɗe hannu ba.

Ita kanta ayar shayarwa, aya ta 233 a Suratul Baƙara, ba ta bar uba a ƙofar gida ba. Ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ta ɗora wa uba abinci da sutura, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa. Sannan ta zo kan yaye, ta rataya shi a kan yardar su biyun da shawararsu. Wannan gaɓa ce da ake yawan wucewa da sauri. Mutumin da bai san ko yaronsa ya fara cin tuwo ba, bai san ko yana fama da zawo ko haƙori ba, da wane ilimi zai zauna a yi shawarar yaye da shi? Ayar ta ɗauka cewa uban yana kusa, yana gani, yana da abin cewa. A gidaje da yawa kuwa labari kawai yake ji: an kai yaro wajen kakarsa, an shafa wa nono abu mai ɗaci, an gama.

Bai kamata a yi wa al'adar kunya rashin adalci ba. Kunyar ɗan fari tana da tsari a bayanta. Amarya mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun mahaifiyarta ko gwaggonta. Yaron da aka haifa kusan na kakanni ne. Su ke kiran sunansa, su ke wasa da shi, kaka mace ta ce ga angona, kaka namiji ya ce ga amaryata. Iyayen kuwa sukan sakaya sunan, su ce Abba ko Ummi ko Baffa, domin sau da yawa sunan mahaifin ɗayansu ne aka mayar. Janyewar uba wata hanya ce ta girmama na gaba da shi, ta cewa wannan ɗa na dangi ne kafin ya zama nawa. A gidan gandu, inda ake da kakanni da matan 'yan'uwa da 'yanmata masu goyo, jariri ba ya rasa hannu. Yana sauka daga wannan baya ya hau wancan.

To amma kunya, wadda hadisi ya lissafa cikin rassan imani, aikinta shi ne ta hana mutum abin ƙi. Shin ɗaukar jariri abin ƙi ne? A nan tarihin Manzon Allah (SAW) yana da amsa, kuma amsar ba a ɓoye take ba.

An haifa masa Ibrahim a shekara ta 8 bayan Hijira, yana da kimanin shekara sittin, yana jagorancin al'umma a shekarar da aka buɗe Makka. Aka kai yaron shayarwa a unguwar Awali da ke gefen Madina, gidan wani maƙeri da ake kira Abu Saif. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara goma, ya ba da labarin yadda Manzo yake takawa har can, ya shiga gidan hayaƙin maƙera ya turnuƙe shi, ya ɗauki ɗansa ya sumbace shi, sannan ya komo. Anas ya shaida cewa bai taɓa ganin mai tausayin iyali kamarsa ba. Ladan mai shayarwa ana iya aikawa da shi ta hannun ɗan aike. Abin da ya kai shi gidan Abu Saif ba a aika kowa ya yi shi.

Akwai kuma labarin jikarsa Umama, 'yar Zainab. Abu Ƙatada ya ruwaito cewa ya ga Manzo yana salla da ita a kafaɗarsa, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun daɗe suna tattauna shi. An ruwaito daga Malik cewa a nafila ne, Imamu Nawawi kuma ya tsaya kan cewa zahirin ruwayar Muslim ya nuna yana limanci ne. Ko wanne aka ɗauka, abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne namiji mafi daraja ya ɗauki ƙaramar yarinya a bainar jama'a, a cikin mafi girman ibada. Da Ummu Ƙais ta kawo masa jaririnta ya yi masa fitsari a cinya, ruwa ya nema ya yayyafa, bai yi tsaki ba. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi. Da Aƙra'u ɗan Habis, babba cikin Banu Tamim, ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya yi alfahari da cewa 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo bai yaba masa ba. Ya gargaɗe shi ne cewa samun jinƙai yana rataye da yin jinƙai. Aƙra'u yana ganin abin da yake yi mazantaka ce da kamun kai, kuma a nan ne labarinsa ya yi kama da na maza da yawa a ƙasar Hausa.

Ko da babu waɗannan hujjoji, zaman da ya sa kunya ta yi aiki ya sauya. Matashin da ya yi aure yau sau da yawa yana ɗaki biyu na haya ne a Rijiyar Zaki ko Rigasa, ko aiki ya kai shi Abuja ko Yamai, uwarsa da surukarsa suna wani gari. A zo a yi arba'in, tsohuwar da ta zo wanka ta koma, gida ya rage daga shi sai ita sai jariri. Jariri sabon haihuwa yana neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla, ba ko ruwa, har wata shida, amma binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida suke samun haka. Dalilan suna da yawa, amma gajiya tana cikinsu, haka ma matsin dangi masu cewa yaro zai mutu da ƙishi a zafin bazara. Matar da ba ta da mai tsaya mata a gaban uwar mijinta da wuya ta iya cewa a'a. Mai tsayawar kuwa mijin nata ne, idan ya san abin da ake magana a kai.

Lafiyar maijegon ma tana buƙatar ido na kusa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawaitar ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Alamominsa su ne kumburin ƙafa, da haki, da tari idan an kwanta. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shi da dangoginsa suna taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar bayan haihuwa a ƙasashe masu tasowa. Mace ta riƙa kuka ba dalili, ta kasa barci ko da yaro ya yi barci, ta ji ba ta son ɗaukarsa, sai a ce aljanu ne ko shagwaɓa. Mijin da ya ƙaura zuwa falo tun ranar haihuwa don kada kuka ya hana shi barci shi ne na ƙarshen sani. Ayar da ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ta shafi wannan ma.

Wani zai ce, da gaskiyarsa, ai namiji yana fita nema tun asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i, kuma neman nan shi ma ibada ne. Babu mai musun haka. Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa a 2021, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da direban Adaidaita Sahu da manomi ba su da mai ba su hutu. Sai dai abin da ake nema bai kai a bar sana'a ba. Uba ya karɓi yaro bayan ya sha nono ya ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, maijego kuma ta samu ta yi wanka ta ci abinci da zafinsa. Ya san ranar rigakafi, ya kai su da kansa idan da hali. Idan akwai wanda aka yaye yana tatata, ya janye shi zuwa masallaci ko ƙofar gida na ɗan lokaci. A'isha, da aka tambaye ta abin da Manzo yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin salla ya yi. Shi ma yana da abin yi a waje, fiye da na kowa.

Wani lokaci ma ƙirjin uba magani ne a zahiri. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalaben ɗumama bakwaini, sai ya fara sa iyaye mata su ɗaura jariran a ƙirji, fata da fata, a rufe su da zane. Dabarar ta yaɗu a duniya har ta iso asibitocin Najeriya da Nijar, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa ga bakwaini da jariran da nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba, a yi ta awa 8 zuwa 24 a kullum. Babu macen da ta fito daga naƙuda ko tiyata da za ta iya wannan ita kaɗai. Shi ya sa ake karɓa-karɓa, kuma ma'aikatan jinya sukan nemi uba ya buɗe maɓallan rigarsa a ɗaura masa ɗansa, ya zauna da shi awa biyu ko uku uwar ta samu ta runtsa.