Tururi, Hadari da Mai Saukar da Ruwa

A darussan kimiyya na ƙaramar sakandare da wuya a samu wanda ya kai darasin sauyin halin abubuwa sauƙi a ido. Malami ya kawo ƙanƙara ya sa a tukunya bisa risho, ta narke ta zama ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi, ya tara murfi mai sanyi, tururin ya koma ɗigon ruwa. Daga nan sai ya ce wa yara haka ruwan sama ke samuwa: zafin rana ya ɗaga tururi daga teku, iska ta koro shi, sanyin sama ya mai da shi gajimare. A nan magana ke barin tukunya ta shiga aƙida. Yaron da ya taso daga makarantar allo da safe ya san Allah ne ke saukar da ruwa, ga shi da hantsi an ce masa rana ce da iska. Wannan tambaya ba ta yara kaɗai ba ce. A 2009 Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, ya faɗa wa BBC cewa koyar da samuwar ruwan sama daga tururi ya saɓa wa Musulunci. A ganina ya yi kuskure tun daga tushe, kuma malamin kimiyya Musulmi ya kamata ya koyar da darasin cikakke, ba tare da kame-kame ko neman afuwa ba.

Mu fara da abin da darasin ya ƙunsa, domin yawancin masu jayayya a kansa ba su tsaya sun dube shi ba. Idan aka tsoma ma'aunin zafi cikin ƙanƙarar da ke narkewa, zai tsaya cak a digiri 0 duk da wuta na ci a ƙasa, har sai gutsuren ƙarshe ya narke. Haka zai sake tsayawa a digiri 100 yayin tafasa. Ina zafin yake tafiya? Joseph Black, wani malami a Jami'ar Glasgow, shi ya bayyana wannan a farkon shekarun 1760, ya kira shi ɓoyayyen zafi: zafin na tafiya ne wajen sassauta riƙon da ƙwayoyin ruwa suka yi wa juna. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara na cin jul 334, mai da giram ɗaya na ruwa tururi kuwa na cin kusan 2,260. Wannan ne sirrin randa da tulu. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Babu malamin da ya taɓa cewa sanyin randa kafirci ne, alhali abin da ke faruwa a jikinta shi ne ke faruwa a saman teku.

Malaman tauhidi sun daɗe da ba irin wannan ilimi mazauninsa. Sun raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada, wato abin da ake sani ta hanyar maimaituwa. Gwajin ɗakin kimiyya kuwa maimaitawa ne da awo. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi misali da wuta da auduga: ido yana ganin ƙonewa na faruwa a lokacin da suka haɗu, amma ido ba ya iya tabbatar da cewa wutar ce da kanta mai aikin. Allah ne mai aikin, sai dai ya gudanar da al'adarsa a kan haka. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mai da masa martani cewa duk wanda ya soke sababi ya soke ilimi. Saɓaninsu babba ne, amma a lura da inda bai kai ba: babu ɗayansu da ya musanta cewa a al'ada auduga na ƙonewa idan ta taɓa wuta, ko ya hana a nazarci yadda take ƙonewa. Abin sha'awa, darasin kansa yana koya wa yaro cewa dokar tafasar ruwa a digiri 100 mai sharaɗi ce. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, domin iskar da ke danne shi ta fi sauƙi. Masu fiƙihu ma sun san sauyin hali ba ya sauya zati: Mukhtasar Khalil, da ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa raɓa da narkakkiyar ƙanƙara cikin ruwan da ake tsarki da shi.

Hujja mafi ƙarfi ga mai adawa ita ce hadisin Hudaibiyya, inda aka siffanta wanda ya jingina saukar ruwa ga tauraro da kafirci. Wani zai ce, mene ne bambancin tauraro da rana? Imam Shafi'i ya bambanta tsakanin wanda ya ƙudurce tauraron ne mai saukarwa da wanda ke nufin lokacin da aka saba samun ruwa kawai. Laifin yana cikin ba halitta matsayin mahalicci. Ambaton hanya kuwa Alƙur'ani da kansa ya yi shi: Suratur Rum ta ambaci iska a matsayin mai tayar da gajimare, Suratun Nur ta ambaci tara shi da fitar ruwa daga cikinsa da saukar ƙanƙara. Manomin da ya ce taki ya sa geronsa ya yi kyau bai fita daga addini ba, ba kuma ya daina roƙon Allah damina mai albarka. Shi ya sa sallar roƙon ruwa ba ta karo da darasin. Mai roƙo yana roƙon wanda sababan ke hannunsa ne.

Akwai kuma adawa daga ɗaya ɓangaren, masu cewa tun da awo da lissafi sun wadatar, a bar zancen Allah a bakin ƙofar aji. Rabin maganarsu gaskiya ce. Ba na son malamin da ke lanƙwasa aya don ta yi daidai da littafin kimiyya, domin littafin kan sauya bayan shekaru kaɗan, kuma a aji ɗaya akwai Musulmi da Kirista. Ma'aunin zafi ba ya tambayar addinin mai riƙe da shi. Amma cewa awo ya amsa komai wuce gona da iri ne. Awo yana gaya mana ƙanƙara ta fi ruwa sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa take yawo a samansa, tafkunan ƙasashen sanyi ke daskarewa daga sama kifi ya rayu a ƙasa. Ba ya gaya mana dalilin da ya sa akwai tsari tun farko, ko dalilin da ya sa hankalin ɗan Adam ke iya karanta shi. Idan yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ba Allah ne ke saukar da ruwa ba?", malamin da ya ce wannan ba ya cikin manhaja ya tabbatar mata da abin da Muhammad Yusuf ya faɗa, cewa sai dai ta zaɓi ɗaya. Ya ishe shi ya ce mata tambayarta a kan mai yi ce, darasin yau a kan yadda ake yi ne, sannan ya miƙa mata murfin tukunyar ta tara da hannunta.