Shin Tsohuwar Dara Tana Gyaruwa?

Hausawa na da karin magana guda biyu waɗanda in mutum ya dube su da kyau sai jikinsa ya yi sanyi. Na farko shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu kuwa, hali zanen dutse ne. In har haka abin yake a kowane lokaci, to duk wanda ya girma a karkace ya tafi ke nan, wa'azi da nasiha a kansa ɓata yawu ne. Ina son mu auna wannan hukunci da wani ɗan ƙaramin abu da ake samu a adakar dattawa da yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum, wato tsohuwar jar dara wadda ta lotse, ta yi maiƙo, har mai ita ya daina sa ta.

Bari mu fara da sanin mece ce dara. Ita dai ba ɗinkakkiyar hula ba ce irin zanna ko ƙube. A birnin Tunis, inda Musulmin da aka koro daga Andalus a 1609 suka bunƙasa sana'ar, da gashin tumaki ake saƙa ta, a yi ta ƙatuwa sakwa-sakwa, sannan a yi ta bugunta cikin ruwan zafi da sabulu har silin gashin su sarƙe da juna, ta tsuke ta yi kauri, saƙar ta ɓace wa ido. Bayan nan a rina ta ja, a ɗora ta kan ma'auni ta ɗauki siffar kai. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da ita zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, daga baya kuma masana'antun garin Strakonice na ƙasar Cek suka shiga yin ta suna aikowa Afirka ta Yamma. A Turkiyya Sarki Mahmud na Biyu ya wajabta wa ma'aikatansa sa ta a 1829, Mustafa Kamal kuma ya hana a 1925. Mu nan ba doka ce ta ɗora mana ita ba, shi ya sa ta zauna a kan malamai da masu sarauta da dattawa.

To, yaya ake gyara ta a gida? Da farko a kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi. Sai a sami tsumma da ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan a bi bakin hular, inda zufa da man kai suka taru, ana dannawa a hankali ba tare da cuɗawa ba. Idan ta yi tsabta sai a ɗora tukunya a wuta, in ta tafasa a riƙa kara hular a kan tururin ana jujjuya ta har ta yi laushi. Tun tana da ɗumi za a kifa ta a kan gungumen ice irin na masu wankin hula, in babu shi a nemi kwano ko gwangwanin da ya yi daidai da kan mai ita, a lallaɓa da tafin hannu har lotsawar ta miƙe. Daga nan a ajiye ta a inuwa, kada a cire sai ta bushe sarai. Sirrin abin shi ne, danshi da zafi suna sassauta gashin tumaki, siffar da ya bushe a kanta kuwa ita yake riƙewa.

Ka ga ke nan, ya mai karatu, ga abin da ya tsufa ya ƙeƙashe, amma ya tanƙwaru. Ashe ba kowane busasshe ne icce ba. Sai dai gyaran yana da sharuɗɗa huɗu. Wanki ne ke gaba da tururi, domin zafi yana kama datti ya zaunar da shi cikin gashin. Zafin kuma da awo ake ba shi: wanda ya tsoma dara a tafasasshen ruwa ya cuɗa, za ta tsuke ta ƙi shiga kai har abada, garin gyaran gira an rasa ido. Sannan dole a sami abin da za a kifa ta a kai, in ba haka ba yadda ta ga dama za ta bushe. Na ƙarshe, inda asu ya ci ya huda, tururi ba ya mayar da shi.

Mu da muke riƙe da alli mun san waɗannan sharuɗɗa a aji. Yaron da aka kama da sata, in aka rufe maganar don ganin idon ubansa, an yi turare ba a yi wanki ba. In kuma aka tara makaranta aka yi masa dukan kawo wuƙa, zuciyarsa tsukewa za ta yi kamar darar da aka dafa. Wanda kuwa ya amsa laifinsa ya mayar da abin da ya ɗauka, amma aka sake shi ya koma cikin abokan da suka lalata shi, shi ne hular da aka turara aka yar a kan tabarma.

Maganar ba ta tsaya a makaranta ba, domin ita ce tambayar da ta fi damun yankinmu. A 2019 gwamnatin Jihar Zamfara ta Bello Matawalle ta shiga sulhu da 'yan bindiga, aka saki mutanen da aka sace, wasu suka miƙa makamai, aka kira su tubabbu. A watan Satumba na 2021 gwamnan da kansa ya ce an rufe ƙofar afuwa saboda sun saɓa alkawari, aka kuma katse layukan waya a jihar. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka ce sun kai wajen 200. Tun daga nan wasu suka yanke cewa irin waɗannan mutane ba su gyaruwa, hali zanen dutse ne.

Ina fahimtar zafin da ya haifar da wannan magana, kuma na san mutum ya bambanta da hula, tunda ita ba ta da zaɓi, shi kuwa sai ya so yake gyaruwa. Amma kafin mu ce gyara ya gagara, ya kamata mu tambaya ko an cika sharuɗɗansa. Malamai sun ce tuba tana buƙatar barin laifi, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Wannan shi ne wankin. Wanda ya tuba yana riƙe da bindigarsa da shanun mutane, tururi kawai ya sha. Gungumen da za a kifa shi a kai kuwa shi ne sana'a da makaranta da kotun da za ta saurari kukan manomi da na makiyayi ba tare da son kai ba. Su kuwa waɗanda aka kashe, su ne hujin asu. Babu sulhun da zai dawo da su, kuma sulhun da ya ƙi ambatarsu ya yi kama da ɗan kasuwar da ya shafe huji da rini ya sayar da hular a matsayin sabuwa. Mai gyara na gaskiya yakan yi faci, ya kuma nuna wa mai saye wurin.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga 'yan'uwana marubuta. Sau da yawa a littattafanmu mugu yakan yi ta ɓarna har shafi ɗari, sannan a shafin ƙarshe ya fashe da kuka, kowa ya yafe masa, a ɗaura aure. Wasu kuma sukan kashe shi a haɗarin mota su huta. Duka biyun gudun wahalar aiki ne. Mu nuna wa mai karatu yadda ake wankin, da tsawon lokacin da bushewa ke ɗauka, da tabon da ke saura bayan an gama. Yaran da ke karanta mu a yau su ne za su zauna a teburin sulhu gobe. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.